Biskit ɗin da Yaya Ta Bari a Gwangwani

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za a koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Talata, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda muke ciki ɗaya, a gadon asibiti, bayan gajeriyar jinya. Ta bar miji, da 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya, da jikoki, da ni ƙaninta kafinta, wanda ba a kira ba sai da aka ja mata mayafi.

Wannan zan faɗe shi sau ɗaya in wuce, don ba shi ya kawo ni ba. Daga shagona zuwa asibitin, ko da wannan gwiwar tawa, kafin shayi ya huce na isa. Da na tambayi 'ya'yan dalili, sai suka ce, "Kawu, ba mu so mu tayar maka da hankali ba." To madalla. Ga hankalin nan ya kwanta.

Ban taɓa zama a aji ba. Maƙwabcina mai gyaran agogo ne ke riƙe da biro ina faɗa masa, na kuma gargaɗe shi kada ya yi wa maganata kwalliya. Inda ta karkace, haka mai ita yake.

Yaya, ke kika goya ni lokacin da mahaifiyarmu ta rasu, alhali ke ma goyon ya kamace ki. Ke kika kai ni wurin mai koya mini sassaƙa, kika tsaya a bakin ƙofa har ya yarda ya ɗauke ni, duk da ya ce hannuna ya yi ƙanƙanta. Da na gudo bayan ya mare ni, ke kika mayar da ni, kika kuma ce masa in ya sake, sai ya haɗa da ke. Ban taɓa gode miki ba. A gidanmu ba a saba ba. Ke ma ba ki iya lallashi da baki ba, gwangwani kike aikowa.

Duk layin nan babu yaron da ya girma bai ci biskit ɗinki ba. Masu kanti suna karɓa a wurinki, masu sayar da shayi suna aikowa, kuma wanda ya gutsure ba kya haɗa shi da na sayarwa. Kwalbarsa daban a bayan ƙofar kicin, ta matar da ke share matakalar benenku ce, da mai kwashe shara, da duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunyar faɗin abin da ya kawo shi. Lokacin da matata take kwance a asibiti, da gwangwani kike zuwa ki bi gado-gado, har masu jinya suka riƙa tambayata, "Yau Yaya ba ta zuwa ne?" kamar tasu ce. Bayan matata ta rasu, kowace Asabar jikarki ko surukarki ta ajiye mini ƙaramin gwangwani a kan teburin aiki ta karɓi na makon jiya. Ba saƙo, ba tambayar yaya na kwana. Na gane.

Mutane suna cewa hannunki ne ke da albarka wajen kwaɓi. Ke kuwa cewa kike kowace mace mai fulawa da man shanu da sukari za ta iya gasawa, ajiya ce aikin. Ragar wayar da kike shanya biskit ɗin a kai in sun fito daga murhu, ni na yi miki ita. Sai da kika mayar mini da ita na sake ƙafafun, wai sun yi gajarta, iska ba ta ratsawa ta ƙasa. Na ce ni ake koya wa aikin katako? Kika ce, "Biskit kamar mai fushi yake. In ka rufe shi da zafinsa, zufa zai yi, ya jiƙa kansa ya jiƙa na kusa da shi." Kina faɗa kina kallona. Na san da wa kike. Na ƙara tsawon ƙafafun dai, amma ba don kin fi ni gaskiya ba.

Akwai shekarar da na ce miki biskit ɗinki ya fara ɗanɗanon fenti. Sai kika ɗauki mayafi kika biyo ni shago, kika jawo aljihun teburina, sai ga gwangwanin kwance tsakanin gwangwanayen fenti da tsumman goge hannu, murfin a karkace. Kika ce biskit ba ya iya cewa a'a, duk warin da ya zo wucewa sai ya ba shi masauki. Kika ɗauke gwangwanin kika tafi da shi, kika horar da ni wajen wata guda. Ni da furfurata. Har yau ina ganin horon ya fi laifin.

Haka kike da kowa a kan wannan. Mai citta ba ya kwana da mai lemo. Takarda tsakanin kowane jeri. Gwangwani ba ya zama kusa da murhu, ba ya zama a taga. Babban ba a buɗe shi don marmari. Daga shi ake ɗiba a zuba a ƙarami, ƙaramin ne na hannu. Ɗanki ya taɓa kawo miki wata kyakkyawar kwalba mai faɗin baki, irin wadda ake ganin abin da ke ciki. Kika yi godiya, kika sa masa albarka, kika zuba maɓallai a ciki. Tsofaffin gwangwanayenki kuwa, waɗanda zanen jikinsu ya goge don wanki, su ne ba ki yarda kowa ya taɓa ba. Na ji ana shawarar a zubar da su yanzu. Duk wanda ya gaji da ganinsu, ya san hanyar shagona.

Sai in zo kan mijinki.

Kin san ni da shi ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Direban bas ne, Direba nake kiransa tun yana zuwa zance, kuma ban ga dalilin canzawa don ya tsufa ba. Wata rana ina saurayi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina tsaye a tasha da katako a kafaɗa, ya zo ya wuce ni. Mun haɗa ido. Ya ce motar ce ta cika. Ni na ga kujera. Kin yi ta cewa mu bar maganar, shi ya bari, ni ban bari ba, don ba shi ruwan ya daka ba.

Amma a 'yan shekarun nan Allah Ya jarrabe shi da mantuwa. Mutumin da ya san kowane lungu na gari ya koma ba ya gane hanyar banɗaki. Sunayen 'ya'yansa suka zube masa ɗaya bayan ɗaya. Ke kaɗai kika rage, har takunki yana ganewa daga matakala. Ba ya cin abinci sai daga hannunki. Kin ɗauki wannan nauyin ba ki taɓa kai ƙara wurin kowa ba, kina aske shi, kina yanke masa farce, kina amsa tambaya ɗaya tun safe har yamma da murya ɗaya. Ni da na ce a nemo mai kula da shi ki huta, cewa kika yi, "Lokacin da yake da hankalinsa ban ba kowa aronsa ba, sai yanzu?"

Ranar Lahadin da ta gabaci kwanciyarki, kika aika in zo in sauko miki da babban gwangwani daga kan kabad. Na tarar da kicin ya cika, tire a kan tebur, tire a kan kujera, ragata ba masaka tsinke. Kina zaune a kan ɗan benci kina numfashi da ƙyar. Na ce, "Runduna za ki ciyar?" Kika ce, "Sauko da shi dai ka rage surutu." Na tsaya ina kallo kina taɓa kowanne da bayan yatsa ki tabbatar ya huce, kina jerawa, kina shimfiɗa takarda, kina sake jerawa, har ya cika. Kika danna murfin da tafin hannu biyu. Ban tambaye ki komai ba. Da na tambaya ma ba za ki faɗa ba.

Da kika rasu an gaya masa. Ya yi kuka, an je da shi an rufe ki. Washegari da safe ya tambayi ina kika shiga. Aka sake gaya masa, ya sake yin kukan sabo fil, kamar bai taɓa ji ba. Da aka yi haka aka kuma, likita ya ce a bari, ana kashe masa ke ne kullum. Sai aka koma ce masa kin je kasuwa.

Daga nan ya rufe bakinsa. Duk abin da aka kawo, sai ya ture farantin a hankali ya ce, "Ku ajiye, bari ta dawo." Babbar 'yarki, malamar makaranta, ta dafa duk abin da ta san yana so. Autarki ta durƙusa tana roƙonsa. Ɗanki ya yi faɗa, ya fita baranda ya yi kuka. Abu ɗaya kawai yake karɓa: shayi da biskit ɗinki. In ya gatsa ya ji garas, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ta bar mini kafin ta fita." Da shi ake samu a tura masa maganinsa. Malama ta gwada sayo na kanti ta zuba a gwangwaninki. Gatsa ɗaya ya yi ya ajiye, ya ce wannan ba hannunki ba ne. Ta gasa nata, ya sansana ya mayar. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, agogonsa yana zamowa har bayan hannu. Ran mutum guda ya koma rataye a jikin gwangwani ɗaya, kuma kowa a gidan ya san gwangwanin ba rijiya ba ne.

Yadda na shiga ciki kuwa, ba tausayi ba ne, kada a rubuta haka. Na je gaisuwa ne wata safiya, na tarar da ƙaramin gwangwani a gabansa, na miƙa hannu. Sai ya janye shi ya ce, "Kai kafinta, har yanzu ba ka daina cinye mana biskit ba?" Sunan 'ya'yansa ya ɓace masa, amma ni bai manta ni ba. Ya ci huɗu a jere don kada in samu, ya shanye shayin. Malama ta bi ni har matakala ta ce, "Kawu, don Allah ka riƙa zuwa." Shi ke nan aka ɗaura mini. Kowace safiya in hau benen nan da gwiwa ɗaya da rabi, in zauna a gaban mutumin da ba na ƙauna, in yi kamar zan sace masa abinci.

Sai damina ta kankama. Bango ya yi sanyi, gishiri ya dunƙule a kwalba, ƙofofin da na yi da hannuna suka fara cijewa. Hankalina ya tashi a kan babban gwangwanin. Malama ta ce a raba shi biyu, a naɗe rabi da kyau a leda a sa a firiza, haka kike yi in za ki yi tafiya. Na ce ba za a sa hannun yayata cikin ƙanƙara tare da kifi ba. Ni na san abin da kike yi: na sha ganinki kina yanko burodi kina sawa a gwangwani don kada biskit ya lalace.

Ta ce, "Kawu, wannan na masu laushi ne, masu zabibi. Burodin danshi yake ba su don kada su bushe. Waɗannan busassu ne, in ka sa musu sai su saki."

Na ce, "Kafin a haife ki nake ganin gwangwanin nan."

Ta ce, "Haka ne, Kawu." Amsa irin ta masu ilimi, wadda ta fi zagi ciwo.

Da ta tafi aiki na yanko burodi mai kauri, sabo, na ɗaga takardar sama na kwantar da shi, na danna murfin da hannu biyu yadda kike yi, na mayar kan kabad. Na kuma hana kowa taɓawa, tunda ke kika ce babban ba a buɗe shi don marmari.

Ranar da ƙaramin ya ƙare na sauko da shi. Tun daga ɗagawar farko na ji a yatsana. Burodin ya bushe ƙamas kamar guntun katako, biskit ɗin kuwa ya shanye ruwansa duka. Ba su lalace ba, ba su yi wari ba, amma in ka lanƙwasa ɗaya sai ya bi ka. Na tono har ƙasa ina neman mai ƙarfi, na ɗebi waɗanda suka fi dama. Direba yana falo yana ƙwala kira, shayinsa yana hucewa. Babu yadda zan yi, na kai masa.

Ya ɗauka ya gatsa. Babu ƙara. Ya daɗe yana taunawa. Ya juya ragowar a hannunsa, ya danna da babban yatsa, yatsan ya shiga. Sai ya ɗago ya dube ni, da irin idon da rabona da gani a fuskarsa an yi shekaru, idon mutumin da ke cikin hankalinsa.

Ya ce, "Ta rasu ko?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Da tana nan, wannan ba zai kai gabana ba."

An ce in ce kin je kasuwa. Bakina ya ƙi. Na ce, "Ta rasu, Direba."

Bai yi kuka irin na kwanakin baya ba. Ya kalli ƙofar kicin, ya daɗe. Ya ce, "An rufe ta da kyau?" Na ce an rufe ki da kyau. Ya ce, "Na je?" Na ce, "Ka je. Ni na riƙe ka." Ya gyaɗa kai. Sai ya raba ragowar biskit ɗin biyu, bai ma karye ba, yagewa ya yi kamar tsumma, ya miƙo mini rabi. Muka ci. Autarki tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a baki. Can ya juya ya ce mata, "Ke yarinya, akwai wani abu a tukunya? Ba sai an jira ta ba."

Ranar ya ci abinci, ba da yawa ba, amma da hannunsa.

Malama da ta dawo aka ba ta labari. Ta buɗe gwangwanin, ta ciro burodin da yatsa biyu ta jefa a kwandon shara, ba ta dube ni ba. Ta kunna murhu ta rage wutar, ta jera su a tire ta ɗan gasa su kaɗan, ta shanya a ragata har suka huce, suka dawo garas kamar ba abin da ya same su. Rabi ta naɗe ta sa a firiza a gabana. Na yi kamar ina duba maƙallin taga.

Na san abin da ake faɗa a bayana. Wasu na cewa laifina ne, autarki kuma na cewa Allah ne Ya yi amfani da taurin kaina. Ni ban karɓi ko ɗaya ba. Shekara da shekaru kina sa burodi a gwangwani a gabana, ba ki taɓa buɗe baki kin ce, ƙanina, wannan na masu laushi ne ba. Komai sai mutum ya tsinta da kansa a wurinki. Ciwon da ke cinki ma haka kika yi mana da shi. Kika cika gwangwani kika danna murfi kika tafi, kika bar mu muna hasashe.

Kada in yi miki ƙarya, bai warke ba. Wata safiyar yana sane, ya ce Allah Ya ji ƙanki. Wata safiyar ya tambayi ko kin dawo daga kasuwa. Amma ya daina ture faranti. Jiya Malama ta haɗa nata gashin da naki a ƙaramin gwangwani, ya ci bai ce komai ba. Ko bai gane ba ne, ko ya gane ya haƙura, ban tambaye shi ba. Naki saura kaɗan. In ya ƙare, ya ƙare.

Na gaji, Yaya. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, duk waɗanda nake faɗa da su suna ta tafiya suna barina da maganata a baki. Ke kaɗai ce in na yi gardama kike bari in gama, sannan ki yi abin da kika ga dama. Yanzu kowa "haka ne, Kawu" yake ce mini.

Allah Ya ji ƙanki, Ya gafarta miki abin da muka sani da wanda Shi kaɗai Ya sani. Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya sanyaya miki shi. Duk cikin da kika toshe wa yunwa, duk yaron da kika sa ya daina kuka, duk daren da kika yi a kan mijinki da ƙaninki, Allah Ya sa ki tarar da su a mizani. Ya haɗa ki da iyayenmu da matata a gidan da ba a gajiya.

Ina yi wa 'ya'yanki ta'aziyya: Malama, da ɗanki, da auta, da surukai da jikoki. Maganar asibiti na bar ta, tunda uwarku ba ta son a kwana da zance. Kun yi rashin da ba a mayarwa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku gaji halinta, ban da ɓoye ciwo. Ina yi wa matar da ke share matakala ta'aziyya, don na gan ta tana kuka a inda take zaton ba mai ganinta. Ina yi wa duk mutanen layi.

Direba kuma, wanda ya fi mu duka rashi, kuma shi kaɗai ne zai riƙa jin labarin sabo, Allah Ya sassauta masa, Ya sa ranakun da yake tunawa su zo masa da sauƙi. Kin bar mini shi ba ki tambaye ni ba. Na karɓa. Gobe da safe ina can, in Allah Ya kai mu, don in ba ni a wurin, ba ya samun wanda zai hana.